Zuwa ga matasan lauyoyi: dukiyar agaji tana neman mai tsaya mata

Ya ku ƙannena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ku murnar kammala karatu da shiga sahun lauyoyi. Na san a wannan lokaci hankalin kowannenku yana kan inda zai fara aiki. Wasu sun sa ido kan manyan ofisoshin da ke kare bankuna da kamfanoni, wasu suna son shari'ar laifuka inda ake tsayawa gaban alƙali ana musayar hujja, wasu kuma ko ina ta faɗi za su karɓa. Duk hanyoyi ne masu kyau, ban zo in kushe ko ɗaya ba. Na rubuto ne in nuna muku wata ƙofa da ba kasafai malami ke nuna wa ɗalibi ba: aikin lauyan gwamnati mai sa ido kan ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyi, mai tabbatar da cewa abin da mutane suka bayar don Allah ya isa inda aka ce za a kai shi. Na yi shekaru a irin wannan ofis, kuma abin da ya fi ci min rai tun daga ranar farko shi ne ƙarancin hannu. Fayiloli sun fi ƙarfinmu, kuma duk shekara in aka ɗauki sababbin lauyoyi, da wuya ka ga wanda ya nemi a turo shi wurinmu da kansa.

Ku yi tunani kan wannan. Idan manajan kamfani ya yi sama da faɗi da kuɗi, masu hannun jari suna nan, aljihunsu ne ya ji ciwo, kafin gari ya waye sun ɗauki lauya. Idan aka taɓa gado, magada ba za su yi shiru ba. To idan shugaban gidauniyar marayu ya sayi mota da kuɗin marayu, wa zai kai ƙara? Wanda ya ba da kuɗin ya riga ya saki, ya juya baya yana fatan lada, kuma a ƙasashe da yawa doka ma ba ta ba shi hurumin shigar da ƙara a kan kyautar da ta bar hannunsa ba. Marayan bai san an tara wani abu da sunansa ba, balle ya san an rage. Sauran amintattun, wato 'yan kwamitin da aka damƙa wa amanar gidauniyar, da ya kamata su tsawata, sau da yawa abokan shugaban ne, ko 'yan uwansa, ko mutanen kirki da aka aro sunansu don a ƙawata takarda, waɗanda ba su taɓa ganin takardar banki ba. Dukiya ce mai yawa wadda kowa ke da rabo a cikinta amma babu wanda zai iya cewa tawa ce. A Amurka kaɗai, abin da aka bayar na agaji a shekarar 2023 ya haura dala biliyan 500. Duk inda irin wannan dukiya ta taru ba mai gadi, kura za ta zo. Saboda haka ne doka ta ɗora wa gwamnati nauyin tsayawa a madadin waɗanda aka yi kyautar dominsu, kuma gwamnati ba ta da baki a kotu sai ta bakin lauyanta.

Ba yau aka gano wannan giɓi ba. A Masar, zamanin halifa Hisham ɗan Abdulmalik, wani alƙali mai suna Tauba ɗan Namir ya lura cewa dukiyoyin waƙafi suna hannun iyalan waɗanda suka yi su, babu mai bin sawu. Ya ga tunda makomarsu ga matalauta take, gara ya sa hannunsa a kai don kada su salwanta ko a mayar da su gado, sai ya buɗe musu diwani, wato ofishin rajista, na musamman a wajen shekara ta 118 bayan hijira. A Ingila, a 1601 aka yi dokar da ta ba da damar naɗa mutane su binciki dukiyar sadaka da aka karkatar, a 1853 kuma aka kafa hukumar dindindin, Charity Commission, wadda yau take riƙe da rajistar ƙungiyoyi wajen 170,000 a Ingila da Wales. A Amurka an raba aikin gida biyu: Antoni Janar na kowace jiha shi ne mai tsaron dukiyar agaji a jiharsa, hukumar haraji ta tarayya, IRS, ita ce ke ba da rangwamen haraji tana karɓar rahoton shekara, fom ɗin nan mai lamba 990 da kowa ke da ikon dubawa. Kanada ta bar aikin a hannun hukumar harajinta, Ostireliya ta kafa hukuma ta musamman a 2012. Tsarin ya bambanta, amma a ƙarshen kowanne za ka tarar da mutum ɗaya zaune gaban tebur da tulin takardu, yana ƙoƙarin gane inda kuɗi suka bi.

Bari in kai ku kan wannan tebur. Wata rana aka kawo min fayil na wata gidauniya mai gidan marayu. Abin da ya jawo shi wasiƙa ce mai shafi ɗaya, ba sa hannu, amma daga yadda mai rubutun ya san sunayen ɗakuna na gane ya taɓa aiki a wurin. Rahoton shekararsu tsaf yake, da hotunan yara suna murmushi, da hatimin mai binciken kuɗi. Na nemi takardun banki, da bayanan tarukan amintattu, da rasitan sayayya. Rasitan ne suka fara magana. Kamfani ɗaya ne ke kawo musu barguna da littattafai, shi ne kuma ya gyara rufi. Na jera rasitan a kan tebur bisa watanni, sai na ga lambobinsu suna bin juna: na Janairu, na Yuni, na Nuwamba, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. Wane irin kamfani ne zai yi shekara guda bai yanka wa kowa rasit ba sai mutum ɗaya? Da na duba rajistar kamfanoni, sai ga sunan matar shugaban gidauniyar a matsayin mai kamfanin. Bayanan tarukan shekara uku kuwa hannu ɗaya ya rubuta su da biro ɗaya, ko launin tawadar bai canza ba, kuma a ciki har da sa hannun wani amintacce a taron da aka ce an yi bayan an riga an binne shi.

Ranar da muka je gidan, na ƙirga bargunan da hannuna. A takarda an sayi ɗaruruwa. A ɗakunan ba su kai rabin yawan yaran ba, kuma lokacin sanyi ne. Wata yarinya ta biyo ni ɗaki ɗaki tana riƙe da gefen jakata, ba ta ce komai ba, ni ma ban san me zan ce mata ba. Har yau ina ganin fuskarta.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara. An cire amintattun, an dawo da wani ɓangare na kuɗin, an naɗa sababbin mutane, gidan kuma bai rufe ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma a nan aikinmu ya sha bamban da na mai gabatar da ƙara a shari'ar laifi. Shi in an ɗaure ɓarawo ya gama. Mu kuwa in an ɗaure ɓarawo aka rufe gidan, yaran suka watse a titi, mun faɗi. Abin da muke bi shi ne dukiyar ta koma kan manufarta.

Kada ku ɗauka irin wannan sai a ƙananan wurare. A watan Mayun 2015, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta haɗa kai da dukkan jihohi 50 suka maka wasu ƙungiyoyi huɗu a kotu, ciki har da Cancer Fund of America. Ƙungiyoyin sun tara dala miliyan 187 tsakanin 2008 da 2012 da sunan masu ciwon daji, har da yara da mata, amma abin da ya kai ga marasa lafiya bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Mutum ɗaya da iyalansa da abokansa ne ke juya su. Saura ya tafi ga kamfanonin da ke kiran mutane a waya suna roƙo, da albashi, da motoci, da yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. A jihar New York, ofishin Antoni Janar ya shigar da ƙara a 2018 kan gidauniyar Donald Trump yana kan kujerar shugaban ƙasa. Takardun ƙarar sun nuna cewa kwamitin gidauniyar bai zauna taro ba tun 1999. An rushe ta, a 2019 kuma alƙali ta umurci Trump ya biya dala miliyan 2 ga wasu ƙungiyoyin agaji. Waɗanda suka tono wannan ma'aikatan gwamnati ne masu albashin wata, a wani sashe na ofis da yawancin mutane ba su san da shi ba.

Ba kuɗi kaɗai ake ci ba, ana cin mutuncin mutane. Lokacin da ya fito fili a 2018 cewa wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Birtaniya, Oxfam, sun yi lalata da mata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, hukumar Charity Commission ta Ingila ta buɗe bincike, a 2019 ta fitar da rahoto mai zafi tare da gargaɗi a hukumance. Mai buƙata ba ya iya ɗaga murya a gaban wanda ke ba shi abinci da magani, don yana tsoron a yanke. Dole wani daga waje ya tambaya a madadinsa.

To amma da zan bar ku da waɗannan labarai kaɗai, da na cuce ku, don za ku shigo ofis kuna ganin kowa ɓarawo ne. Mafi yawan waɗanda za su zauna a gabanku mutanen kirki ne da ba su san doka ba. Na tuna wani dattijo, ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon makafi, da muka aika wa takardar gargaɗi saboda shekara uku ba su kawo rahoto ba. Ya zo tun kafin a buɗe ofis, da tsohuwar jaka a hammata, hannunsa na rawa. Ya ɗauka ɗaure shi za a yi. Ya zazzage jakar a kan teburina: littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowane shafi an ja layi da hannu, abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowane rasit an manne shi a inda ya dace. Na yi awa biyu ina lissafi, ban sami ko gurbi ɗaya ba. A wurare da dama ma na ga ya cika daga aljihunsa bai rubuta bashi ba. Laifinsa kawai bai san akwai wani fom da ake cikewa duk shekara ba, don wanda ke yi musu ya rasu. Na zauna da shi muka cike tare. Da doka kawai na bi a bushe, ina da ikon in sa a soke rajistarsu, kuma da makafin nan ne za su sha wuya.

Irin wannan dattijo suna da yawa a ko'ina. A 2011 hukumar harajin Amurka ta sanar da cewa ƙungiyoyi kusan 275,000 sun rasa matsayinsu na rangwamen haraji saboda shekara uku a jere ba su kai rahoto ba. Da yawansu sun riga sun mutu, amma akwai masu rai a ciki da ba su ji labarin sabuwar ƙa'idar ba. Lauyan da ya ƙware a wannan aiki shi ne wanda zai iya bambanta mai kuskure da mai ha'inci, kuma ba a koyon wannan a littafi. Ana koyonsa ne da zama da mutane, da kallon wanda ya kawo maka takardu fiye da yadda ka nema da wanda kullum takarda ɗaya tak ce ta ɓace masa, ita ce kuma wadda kake so.

Ko gwamnati ma takan wuce gona da iri. Ƙungiyar Kids Company ta Landan, mai taimakon yara, ta durƙushe a 2015, hukuma ta nemi kotu ta haramta wa amintattunta riƙe shugabancin kamfani. A 2021 babbar kotu ta yi watsi da ƙarar, ta wanke su, ta kuma ja hankali cewa idan aka tsananta wa masu aikin sa kai, mutanen da suka cancanta za su guje wa zama amintattu. Wannan hukunci ya kamata kowane lauyan da ke shirin shiga fagen nan ya karanta shi a tsanake. Amintaccen ƙungiyar agaji galibi ba a biyansa. Lokacinsa ya bayar, da sunansa. Idan muka mayar da kujerar ta zama abin tsoro, nagari za su tashi, su bar ta ga waɗanda ba su da abin asara.

Akwai kuma ɓangaren da na fi so, wanda babu ɓarawo a cikinsa sam, sai tambaya mai wuya. Mutum ya bar dukiya ya ce a yi abu kaza da ita, ya mutu, shekaru suka shuɗe, abin ya daina yiwuwa. Wanda ya yi wasiyya don masu ciwon agana, ya za a yi da kuɗinsa bayan an kawar da cutar daga duniya a 1980? Doka ta ce kotu ta nemi manufa mafi kusa da niyyar mai kyautar, kuma lauyan gwamnati ne ke tsayawa ya yi magana a madadin mamacin da kuma jama'a. A 1928 wani mutum a Birtaniya ya ba da fam 500,000, ya ce a ajiye suna haihuwa har su isa biyan dukkan bashin da ake bin ƙasar. Kuɗin suka yi ta girma har suka kai wajen fam miliyan 600, bashin ƙasar kuwa ya yi musu nisan da ba za su taɓa cim masa ba. Kusan shekara ɗari kuɗin na zaune ba su amfani kowa ba. Antoni Janar ya kai batun kotu, aka yi jayayya kan a rage bashin da su ko a raba wa ayyukan agaji, a 2022 kotu ta ce a zuba su a bashin. Ni da kaina ina ganin da an ba masu buƙata da ya fi amfani, amma na fahimci dalilin alƙalin: idan ba a girmama niyyar wanda ya mutu ba, mai rai ba zai sake yarda ya bar komai ba.

Wanda ke tunanin wannan fage na tsofaffin wasiyyoyi ne kawai, ya dubi OpenAI, kamfanin fasaha na Amurka da ya ƙirƙiro ChatGPT. An kafa shi a 2015 a matsayin ƙungiya mara neman riba. Da ya so sauya tsarinsa don ya jawo masu zuba jari, sai da ya bi ta ofishin Antoni Janar na jihar Delaware da na jihar Kalifoniya, waɗanda suka yi watanni suna nazari, suka gindaya sharuɗɗa kafin a kammala a 2025. Dalili ɗaya ne da na gidan marayun da na ba ku labari: dukiyar da aka tara da sunan amfanin jama'a ba a mayar da ita ta wasu mutane a ɓoye. Haka ake yi duk lokacin da asibitin agaji ke son sayar da kansa ga 'yan kasuwa. A irin wannan zama, a ɗaya gefen teburin akwai lauyoyi mafi tsada a ƙasa, a wannan gefen kuma wataƙila ku biyu ne ko uku.

Yanzu ga abin da ya sa na fi son masu tsoron Allah su shigo, ba masu ƙwazo kaɗai ba. Ikon da ke hannun wannan ofis wuƙa ce mai baki biyu. Wanda ke iya neman takardun ƙungiya, ya rufe asusunta, ya dakatar da shugabanninta, yana iya kashe ta ko ba ta yi laifin komai ba. Masu mulki sun san haka. A 1956 Antoni Janar na jihar Alabama ta Amurka ya yi amfani da dokar rajistar kamfanoni ya nemi korar NAACP, ƙungiyar da ke fafutukar 'yancin baƙar fata, ya kuma nemi a ba shi sunayen mambobinta, a lokacin da bayyanar sunan mutum na iya sa a kore shi daga aiki ko a ƙona masa gida. Sai a 1958 kotun ƙolin Amurka ta ce ba shi da ikon karɓar sunayen. A Habasha, dokar 2009 ta hana ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam karɓar fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsu daga waje, da yawa suka durƙushe kafin a sauya dokar a 2019. A Rasha kotu ta rushe ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial a ƙarshen 2021 bisa dokar wakilan ƙasashen waje. Nikaraguwa ta soke rajistar ƙungiyoyi 1,500 a rana ɗaya a watan Agustan 2024. A Najeriya, sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya, ya tayar da ƙura saboda irin wannan fargabar. Ko yaƙi da kuɗin ta'addanci ya zama sanda a wasu hannaye, har sai da FATF, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin wannan yaƙi, ta gyara shawararta ta 8 a 2016, ta sake gyarawa a 2023, don a daina yi wa dukkan ƙungiyoyin agaji kuɗin goro.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu, wani lauyan gwamnati ne ya zauna ya rubuta ta. Wannan ne ke hana ni barci wani lokaci. Ni ma an taɓa kirana daga sama, da murya mai laushi, aka ce in ɗan leƙa takardun wata ƙungiya. Babu koke a kanta, rahotanninta cikakku ne, abin da ta yi kawai ta fitar da wani bincike da bai yi wa wasu daɗi ba. Na ce a rubuto min umurnin a takarda tare da dalilinsa, in sa a fayil. Takardar ba ta zo ba har yau. Ba kullum ake tsira da sauƙi haka ba, na san waɗanda aka sauya wa wurin aiki saboda ƙasa da wannan. Amma ku riƙe wannan dabara: ku nemi komai a rubuce, ku kuma sa ma'auni ɗaya ga ƙungiyar da ke yabon gwamnati da wadda ke sukar ta, ga ta addininku da ta addinin wani. Ranar da jama'a suka gane cewa ofishin yana zaɓen wanda zai bincika bisa siyasa, ko ɓarawo na gaske kuka kama zai ce zalunci ne, kuma za a yarda da shi.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Albashin bai kai na abokan karatunku da suka tafi manyan ofisoshi ba, kuma bayan shekara biyar za ku ga tazarar da idonku. Za ku nemi mai binciken kuɗi ku rasa, ku yi lissafin da kanku. Za ku tuhumi mutumin da gari ke yi wa kallon waliyyi, mai hoto da manya, a ce muku kuna yaƙi da aikin alheri. Wani zai zo da ambulan ya ajiye a gefen tebur kamar ya manta. Wata shari'ar kuma za ku yi nasara bayan kuɗin sun riga sun narke, ku riƙe takardar hukunci ba abin karɓa. Amma a shekara uku a wannan ofis za ku taɓa dokar amana, da ta kamfanoni, da ta haraji, da ta ƙasa da gidaje, da ta zamba, ku tsaya a kotu da ƙafarku, ku zauna teburin sulhu, ku rubuta ƙa'idojin da dubban ƙungiyoyi za su bi. Har 'yancin faɗin albarkacin baki zai shigo muku: kotun ƙolin Amurka ta ce a 1988 jiha ba za ta ƙayyade kason da mai tara gudummawa zai ɗauka ba, amma a 2003 ta ce ana iya tuhumarsa idan ya yaudari mai bayarwa kan inda kuɗin za su tafi. Tsakanin waɗannan hukunci biyu akwai aikin shekaru ga lauya mai kaifin basira.

Wanda zuciyarsa ta karkata, ya fara shiri tun yanzu. Ya koyi karatun lissafin kuɗi har ya iya duba rahoton shekara ya ga inda aka lulluɓe, don lauyan da lambobi ke ba tsoro ba zai yi nisa a nan ba. Ya samo rahotannin binciken da hukumomi ke wallafawa ya karanta su kamar yadda yake karanta hukuncin kotu. In da hali, ya ba wata ƙaramar ƙungiya lokacinsa na shekara guda, ya ga yadda ake fama a biya haya da albashi daga gudummawar da ba ta da tabbas, ya sauka kafin ya karɓi aikin gwamnati don kada amana biyu su haɗu a hannunsa. Wanda ya taɓa zama a wancan gefen teburin ba zai yi saurin ɗaga sanda ba. Ƙofofin shiga suna da yawa: ofishin Antoni Janar, hukumar rajista, hukumar haraji, sashen bin sawun kuɗaɗen haram, hukumar kare masu saye. A wasu wuraren sashen bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba, a wasu ma ba a ware shi ba, an dai jingina aikin ga wanda ke da wasu ayyuka goma. Idan haka kuka tarar, ku nemi a ba ku shi.

Wanda Allah ya ba wannan kujera a cikinku, ina roƙonsa abu ɗaya a ranarsa ta farko. Ya tambayi inda ake ajiye koke-koken da ba a amsa ba. Kowane ofis yana da wannan kabad. Ya buɗe, ya zaro wanda ya fi daɗewa a ƙasa, ya karanta, ya nemi wanda ya rubuto in har yana nan.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Yayanku a wannan aiki